Na'urar PLC a kan injin cusa harsashi: yadda take aiki da inda doka ta ajiye ta

Mutane da yawa a Kaduna sun san cewa akwai masana'antar makamai a Kakuri, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa su tambayi yadda ake haɗa harsashi ɗaya, balle su tambayi abin da ke hana inji mai fitar da dubbai a cikin sa'a guda ya fitar da wanda zai fashe a hannun sojan da aka ba shi. Amsar tambayar ta biyu a yau tana cikin wani ƙaramin akwati da ake kira PLC, wato na'urar lantarki da ake rubuta wa umarni domin ta sarrafa inji. A Amurka masu sha'awar harbi kan ɗora irin wannan na'ura a kan injin da suke sake cusa harsasai da shi a gidajensu, kuma hotunan bidiyon aikin nasu sun cika intanet, har matasanmu masu karatun injiniya suna kallo suna sha'awa. Ya kamata a fayyace abin da ke faruwa a cikin wannan aiki, domin abin da ido ke gani shi ne sauri, alhali kuwa babban amfanin na'urar shi ne ta san lokacin da za ta ƙi ci gaba. Ya kamata kuma a faɗa tun farko cewa abin da doka ta halatta wa mutum a jihar Arizona ta Amurka ta haramta masa shi a Kaduna.

Harsashin zamani kashi huɗu ne. Akwai kwanso, wanda galibi na tagulla ne, wato haɗin jan ƙarfe kimanin kashi 70 da tutiya kashi 30, akwai ɗan ƙyastun da ke zaune a gindin kwanson, wanda allurar bindiga ke bugawa ya ba da wuta, akwai albarushi, sai kan harsashin da ke fita ta bakin bindiga. Idan aka harba, ukun nan sun gama aikinsu, kwanson ne ke faɗowa ƙasa da ƙonannen ƙyastu a gindinsa, kuma shi ne ya fi sauran tsada. Daga nan tunanin sake cusawa ya samo asali: a tsince kwanson, a wanke shi, a mayar da shi girmansa na farko domin zafi da ƙarfin harbi sun buɗa shi, a sa masa sabbin kayan ciki. Ba kowane kwanso ne ke karɓar wannan ba. Akwai tsarin ƙyastu iri biyu da suka fito a shekarun 1860, na Edward Boxer ɗan Ingila da na Hiram Berdan ɗan Amurka, kuma abin mamaki shi ne Amurkawa suka rungumi na Baturen Ingila, ƙasashen Turai da yawa kuma suka daɗe a kan na Ba'amurken. Na Boxer ya fi sauƙin cirewa, shi ya sa al'adar sake cusawa ta yi ƙarfi a Amurka. Ita kanta tagulla tana gajiya, domin duk lokacin da aka matsa ta tana ƙara tauri, har wata rana ta tsage.

Albarushin da ake magana a kansa ya bambanta da baƙin albarushin da maharbanmu ke ɗura wa bindigar toka. Wannan mara hayaƙi ne, wanda Paul Vieille ya fara haɗawa a Faransa a 1884, kuma ƙarfinsa ya ninka na tsohon sosai. Mai faci a bakin titin Ahmadu Bello yakan hura tayar ƙaramar mota zuwa awo 30 ko 35, amma matsin da ke tashi a cikin bindigar soja a lokacin harbi yana kaiwa wajen awo 60,000 a kan wannan ma'aunin, kuma duk yana faruwa ne a ɗan taƙi kaɗan daga fuskar mai harbin. Saboda haka ƙaramin kuskure wajen awon albarushi ba ƙaramin abu ba ne. Idan aka zuba wa kwanso ɗaya sau biyu, bindigar na iya tarwatsewa. Idan kuma aka manta ba a zuba ba, ƙarfin ƙyastun kaɗai na iya tura kan harsashin ya maƙale a tsakiyar bututu, sai harbi na gaba ya tarar da hanya a toshe. Masu wannan sana'a sun fi jin tsoron na biyun, domin ba ya ba da wata alama a waje, harsashi ne cikakke a ido, kuma soja a fagen fama ba shi da lokacin leƙa bututu tsakanin harbi da harbi.

Injin da ake cusawa da shi iri biyu ne. Na farko yana yin aiki ɗaya a kan kwanso ɗaya a lokaci ɗaya, mutum na kallon komai da idonsa. Na biyu yana da faifai mai juyawa da ke ɗauke da kwanso da yawa, kowanne a tasharsa, ta yadda jan hannun inji sau ɗaya zai sa a gyara girman wannan, a sa wa wancan ƙyastu, a zuba wa na uku albarushi, a dasa wa na huɗu kai, sannan faifan ya matsa gaba. Kamfanin Dillon na jihar Arizona na cikin waɗanda suka yaɗa wannan nau'in tsakanin talakawan maharba. A nan ne matsalar take farawa, domin ido biyu ba sa iya lura da tasha biyar a lokaci guda. Duk da haka, muddin hannun mutum ne ke jan inji, akwai wani tsaro da ba a cika lura da shi ba, wato jin da hannu ke yi. Gogaggen ma'aikaci yana jin lokacin da kwanso ya zauna a karkace, ko ƙyastu ya ƙi shiga, sai hannunsa ya tsaya tun kafin tunaninsa ya gano dalili. Ranar da aka cire hannun aka sa moto, an cire wannan jin gaba ɗaya. Moto ba ya jin komai, zai ci gaba da matsawa da duk ƙarfinsa ko da abin da ke gabansa ƙyastu ne da ya juya gefe, kuma ƙyastu abu ne da aka ƙera domin ya tashi idan an buge shi. Mafi muni shi ne ana jera su da yawa a wuri ɗaya suna jiran layi, tashin ɗaya na iya tayar da sauran. Duk aikin PLC a wannan inji ƙoƙari ne na mayar da abin da aka rasa lokacin da aka cire hannun mutum.

Ita na'urar ba don makamai aka ƙirƙiro ta ba. A 1968 sashen kamfanin General Motors da ke ƙera giyar mota ya nemi abin da zai maye gurbin manyan akwatunan rile, wato makunnan da wutar lantarki ke buɗewa da rufewa, da ke sarrafa injunansa, domin duk shekarar da aka sauya samfurin mota sai ma'aikatan lantarki sun kwance dubban wayoyi sun sake ɗaurawa. Wani ƙaramin kamfani a jihar Masacusets, inda injiniya Dick Morley ke aiki, ya fito da na'urar da aka sa wa suna Modicon 084, aka fara amfani da ita a 1969. Hikimarta ita ce a bar wayoyin a inda suke, a sauya umarnin da ke cikin ƙwaƙwalwar na'urar kawai. Domin kada masu wayarin na masana'anta su sha wahalar koyon sabon yare, sai aka tsara rubutun umarnin ya yi kama da zanen wayarin da suka saba karantawa, layi bisa layi tsakanin sanduna biyu, shi ya sa ake kiransa tsarin tsani. Har yau shi ne aka fi amfani da shi, kuma yana cikin yarukan da ƙa'idar duniya mai lamba IEC 61131-3 ta amince da su tun 1993. Kamfanoni irin su Siemens da Allen-Bradley da Mitsubishi da Omron su ne suka cika kasuwa. Wanda ya taɓa buɗe akwatin injin cika kwalaben lemo ko na matatar mai ya ga irinta, maƙale a jikin ɗan dogon ƙarfe, da ƙananan fitilu kore suna ƙyaftawa a jere, kowace fitila tana wakiltar waya ɗaya.

Yadda take aiki mai sauƙin faɗa ne. Tana karanta duk abin da sensa-sensar da ke jikin inji, wato ƙananan na'urorin da ke gano halin da yake ciki, suka gaya mata, ta bi umarnin da aka rubuta mata daga layin farko zuwa na ƙarshe, ta kunna abin da ya kamata ta kashe abin da ya kamata, sannan ta koma farko. Tamkar mai gadi ne da ke zagaya gida yana taɓa kowace ƙofa, sai dai zagayenta ɗaya ba ya wuce ɗan kashi na daƙiƙa, kuma ba ta gyangyaɗi. Abin da ya bambanta ta da kwamfutar ofis shi ne ba ta yin wani abu daban a tsakani. Ba ta tsayawa sabunta manhaja, ba ta jiran intanet, kuma mai tsara ta ya san iyakar lokacin da kowane zagaye zai ɗauka. Idan zagaye ya wuce wannan iyaka, akwai agogon tsaro a cikinta da zai kashe komai. An kuma gina ta domin ta jure zafi da girgiza da hayaniyar lantarkin da manyan motoci ke watsawa a cikin wayoyi. Wannan ne ya sa injiniyoyin masana'antu ba sa yarda a ɗora aikin da ya shafi rai a kan ƙananan allunan gwaji irin su Arduino, duk da arahar su da amfaninsu wajen koyo. Ɗalibi na iya koyon tunanin sarrafa inji da su, amma ba a ƙera su domin su tsaya tsakanin mutum da wuta ba.

A kan injin harsashi tambayoyin da na'urar ke yi a kowane zagaye ba su da yawa, amma kowace tana da nauyi. Shin kwanso ya iso tasharsa, kuma a tsaye yake? Shin faifan ya kammala juyawa ya kulle kafin matsi, wato sashen injin da ke danna kwanso, ya sauko? Shin ƙyastu ya zauna daidai? Shin albarushin da ke cikin kwanson ya kai inda ya kamata, bai gaza ba bai wuce ba? Shin ƙarfin da moto ke ja ya tashi fiye da yadda ya saba, alamar wani abu ya cije? Shin murfin kariya a rufe yake? Amsa ɗaya mara kyau ta isa ta tsayar da inji. Sai dai akwai abin da ya fi wannan zurfi, wanda a ganina shi ne ke raba aikin gwani da na ɗan koyo. Kwanson da aka gano matsalarsa a tasha ta uku ba a nan yake fita ba, sai ya zagaya zuwa ƙarshe. Don haka dole na'urar ta riƙe tarihin kowane kwanso a ƙwaƙwalwarta, ta matsar da wannan tarihi gaba duk lokacin da faifan ya matsa, ta yadda idan mai aibin ya iso ƙofar fita za a karkatar da shi zuwa akwatin waɗanda aka ƙi. Idan ma'aikaci ya tsayar da inji ya cire kwanso ɗaya da hannu, ko ya juya faifan baya domin ya gyara wani abu, lissafin da ke ƙwaƙwalwar na'urar ya saɓa da abin da ke kan faifan. Yawancin kurakurai masu haɗari a irin wannan lokacin suke shigowa, wato bayan tsayawa da sake tashi, lokacin da kwanson da ya riga ya karɓi albarushi ya koma ƙarƙashin mazubi. Shi ya sa tsari mai kyau yakan tilasta a kwashe duk abin da ke kan faifan bayan kowace tsayawar da ba a shirya ba, ko da hakan zai ɓata wa mai aiki rai.

Sannan ita kanta sensa tana lalacewa, kuma lalacewarta mafi haɗari ita ce ta maƙale tana cewa komai lafiya. Sensar da ƙura ta rufe wa ido, ko wadda sandarta ta cije a wuri ɗaya, za ta yi ta ba da amsa mai daɗi har a cika akwatuna da harsasai marasa albarushi. Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne kada a yarda da amsar da ba ta taɓa sauyawa. A kowane zagaye akwai lokacin da babu kwanso a ƙarƙashin sensar, kuma a wannan lokacin wajibi ne ta ce babu. Idan ta ci gaba da cewa akwai, to ita ce mara lafiyar, sai a tsaya. Haka kuma ake ɗaura wayoyin tsaro ta yadda wuta ke gudana a cikinsu lokacin da komai ke daidai, domin idan ɓera ya ci waya ko noti ya kwance, yankewar wutar da kanta ta zama umarnin tsayawa. Jan maɓallin gaggawa kuwa ba a barin sa a hannun manhaja kaɗai. Yana da tasa hanyar ta daban da ke yanke wutar moto kai tsaye, domin wanda ya rubuta manhaja ɗan Adam ne, yana iya kuskure a layi ɗaya cikin ɗari biyar.

Wani zai ce wannan duk tsananin taka-tsantsan ne. Lissafi kaɗan zai nuna akasin haka. A ɗauka, a matsayin misali kawai, inji yana kuskure sau ɗaya a cikin kowane harsashi 10,000, wanda a yawancin sana'o'i abin yabo ne. Masana'antar da ta fitar da miliyan 10 a shekara ta tura harsasai 1,000 masu aibi zuwa hannun sojoji da 'yan sanda, kuma babu wanda ya san a wace jigida suke. Sauri yana ninka kuskure kamar yadda yake ninka riba. Wannan ne dalilin da ya sa manyan masana'antu ba sa dogara da PLC ita kaɗai, sai sun haɗa da awon nauyi da na tsawo bayan an gama, da ɗaukar samfuri daga kowane rukuni a harba a ɗakin gwaji a auna matsi da gudu. Akwai hukumomin da suka tsara iyakokin da ake bi, irin su SAAMI a Amurka, wadda aka kafa a 1926, da CIP mai mazauni a Beljiyam, ƙungiyar tsaro ta NATO kuma tana da nata ma'aunin ga harsasan sojojinta.

Yanayin Kaduna yana ƙara wasu matsaloli da mai zanen inji a Jamus ba lallai ya sa su a gaba ba. Ta farko ita ce hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska kan bushe ƙwarai, kuma kowa ya san ɗan tartsatsin da ke cizon yatsa idan an taɓa ƙofar mota ko an cire rigar sanyi a cikin duhu. Wannan tartsatsin, da ba ya cutar da kowa a gida, abin tsoro ne a ɗakin da ake aiki da ƙyastu da ƙurar albarushi. Saboda haka ɗakunan irin wannan aiki suke buƙatar daɓe da takalma masu sauke lantarkin jiki zuwa ƙasa, da haɗa kowane ƙarfe da wayar da aka binne, da na'urar daidaita laimar iska, wadda ita ma ana iya haɗa ta da PLC ta hana inji tashi idan iska ta bushe fiye da kima. Ƙurar hunturun kuma tana kwanciya a kan idon sensa mai aiki da haske. Da damina sai lamarin ya juya, laima ta yi yawa, ga tsawa da ke iya aiko da wuta mai ƙarfi ta cikin layin lantarki. Matsala ta uku ita ce wadda kowane mai sana'a a Kakuri ko Panteka ya sani, wato ɗaukewar wuta ba sallama da dawowarta ba sallama. Inji mai tsari ba ya tashi da kansa idan wuta ta dawo, ko da makunninsa a kunne aka bar shi, sai mutum ya zo ya duba ya danna maɓallin sake farawa da hannunsa. Sauyawa daga wutar gari zuwa janareta, wanda ke ɗaukar daƙiƙu kaɗan, ya isa ya bar matsi a rataye a tsakiyar tafiyarsa, kuma dole na'urar ta san cewa ba ta da tabbacin inda aka tsaya.

Akwai kuma gubar dalma, wadda ba ta fashewa amma tana kisa a hankali. Kan harsashi galibi da dalma ake yin cikinsa, sinadarin ƙyastu na gargajiya ma yana ɗauke da ita, kuma ƙurar da ke tashi wajen wanke tsofaffin kwanso cike take da ita. Arewa ta ga abin da dalma ke yi wa yara a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwa suka rasu saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Wannan kaɗai ya isa hujjar cewa aikin harsashi ba na tsakar gida ba ne.

Doka kuwa ba ta bar wani shakku ba. A Amurka mutum na iya sake cusa harsasai domin amfanin kansa, amma idan zai sayar sai ya sami lasisin gwamnatin tarayya a ƙarƙashin dokar bindigogi ta 1968. A Nijeriya Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu take aiki, ta hana ƙera ko haɗa bindiga ko harsashi sai a wuraren da hukuma ta keɓe ta kuma ba da izini, kuma mallakar harsashi ma tana rataye ne da lasisin bindigar da ya dace da ita. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 a kan ƙananan makamai da harsasai, a 2021 kuma aka kafa cibiyar ƙasa ta kula da yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ina ganin wannan tsanani daidai ne, kuma wanda ya san abin da mutanen Birnin Gwari da Giwa da Kajuru suka sha ba zai nemi a sassauta ba. Bindiga tana iya shekara arba'in tana aiki, amma ba ta da amfani ranar da harsashi ya ƙare, don haka harsashi shi ne maƙogwaron da hukuma za ta iya shaƙewa. Injin da zai ba mutum ɗaya damar fitar da dubbai a ɗakinsa zai kwance wannan shaƙar.

Wurin da wannan fasaha ta dace da shi a ƙasar nan yana nan cikin garinmu. An kafa hukumar masana'antun tsaro ta DICON a 1964, kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ne ya gina mata masana'antar Kaduna, domin ta ƙera bindigogi da miliyoyin harsasai a shekara. Ta yi aiki sosai a lokacin yaƙin basasa, daga baya ta shiga dogon lokaci na ja da baya, har aka san ta da ƙera kayan farar hula domin ta rayu. A Nuwamban 2023 shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar hukumar, wadda ta ba ta ikon haɗa gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu da kuma sa ido a kan masana'antun tsaro. Injunan shekarun 1960 da ƙarfe da rile suke tunani, na yau kuwa da PLC, kuma duk wani sabon layin ƙera harsashi da za a sayo daga waje da ita zai zo.

A irin wannan masana'anta na'urar tana da wani amfani da mai sha'awa a gidansa bai damu da shi ba, amma mu ya kamata mu damu, wato ƙidaya. PLC tana ƙirga kowane kwanso da ya shiga, da kowane harsashi da ya fita, da kowane wanda aka ƙi, tare da ranar da sa'ar. Idan aka ajiye wannan ƙidaya a inda ma'aikacin dare ba zai iya gogewa ba, aka kuma riƙa gwada ta da abin da sito ya ce ya bayar da abin da ya ce ya karɓa, ɓatan akwati ɗaya zai fito fili. Kwanson soja galibi yana ɗauke da tambari a gindinsa mai nuna masana'anta da shekara, kowane akwati kuma da lambar rukuninsa. Masu bincike na ƙungiyar Conflict Armament Research da irin waɗannan alamomin suka yi aiki a rahotonsu na 2020 a kan makaman da aka kama a Kaduna da Katsina da Zamfara, inda suka nuna cewa wasu sun shigo ne ta kan iyaka, wasu kuma daga rumbunan gwamnati suka zurare. Ƙidayar inji ba ta hana sata, amma tana hana ɓarawo fakewa da cewa ba a san adadin ba tun asali. Batun ajiya ma ba a raba shi da wannan, kuma Legas ba ta manta da ranar 27 ga Janairun 2002 ba, lokacin da rumbun makaman barikin Ikeja ya kama da wuta, mutane fiye da 1,000 suka rasu, akasarinsu a cikin magudanar ruwan da suka faɗa wajen gudu.

Na'urar tana da nata raunin. A 2010 aka gano ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Stuxnet, wadda aka tsara musamman domin ta shiga PLC ɗin Siemens a tashar nukiliyar Natanz ta Iran, ta riƙa lalata injuna alhali allon da ma'aikata ke kallo yana nuna musu komai lafiya. Ana ganin ta hanyar ɗan filashi ta shiga, domin tashar ba ta haɗe da intanet. Masana'antar tsaro da ta bar kowa ya soka filashinsa a kwamfutar da ake rubuta wa PLC umarni, ko ta bar kamfanin da ya sayar mata da inji yana shiga daga nesa ba tare da sa ido ba, ta buɗe ƙofar da ba ta gani. A harkar harsashi ɗan sauyi a lambar da ke cewa wannan awo ya yi ya isa ya lalata rukuni guda ba tare da an ji ƙarar komai ba.

Raunin da ya fi kusa da mu, duk da haka, na mutane ne. Masana'antu da yawa a ƙasar nan sun sayi injuna masu tsada, kamfanin da ya kawo ya kulle manhajar da kalmar sirri, ya tafi da kwafinta, sai ranar da ƙaramin kati ɗaya ya ƙone a zauna watanni ana jiran injiniya daga waje da kuɗin waje. A wannan jiran ne ake samun wanda zai ce a ɗaure sensar da ke damun mutane da 'yar waya domin aiki ya ci gaba, kuma daga ranar inji ya koma moto mara ji. Duk yarjejeniyar sayen irin wannan layi ya kamata ta ƙunshi miƙa manhajar a buɗe, da zanen wayarin, da kayan gyara na shekaru, da horar da ma'aikatan gida har su iya gano matsala da kansu. Kaduna ba ta rasa inda za ta samo su ba, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Tudun Wada, ga cibiyar fasaha ta sojojin sama a Mando, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Matashin da ya ƙware a tsarin tsani kuma ba ya buƙatar kusantar albarushi kafin ya ci abinci da iliminsa, domin tambayoyin da PLC ke yi a kan injin harsashi su ne take yi a kan injin ɗura ruwan leda, da na buhunta taki, da na casar shinkafa, kuma waɗannan masana'antun suna neman wanda zai gyara musu akwatin sarrafawa a cikin gari ba tare da an jira wani daga Legas ba.